Wai Sai Bare Ya Ceci Ranka Kafin Ka Yarda Mutum Ne?

Autar Mama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, in ban amayar ba barci ba zai ɗauke ni ba. An dawo mana da takardun jinga. Shafi shida na rubuta, kwana huɗu ina kai, malamin ya ja layi ɗaya da jan biro ya ce wai ban fahimci littafin ba. Ko wuri ɗaya bai nuna min inda na kauce ba. Tambayar ita ce a nuna yadda yara ke girma su daina mummunan zato ga mutane a tsofaffin littattafan adabin Turanci. Kowa a ajin ya rubuta abin da aka saba ji: a To Kill a Mockingbird Scout ta ɗauki Boo Radley dodo, daga baya ta gane mutumin kirki ne, ta girma, a tafa mata. Ni kuma na ce a dakata. Yaushe ta gane? Sai daren da ya fito ya ƙwace ta da yayanta Jem daga hannun Bob Ewell da ya zo kashe su. Pip na Great Expectations fa? Fursunan nan Magwitch sai da ya yi shekaru yana kiwon tumaki a Ostireliya yana turo masa kuɗi. Darcy na Pride and Prejudice sai da ya kashe dukiyarsa ya rufa wa Lydia, ƙanwar Elizabeth da yake so, asiri. Jim, bawan da ya gudu a Huckleberry Finn, sai da ya sadaukar da 'yancinsa ya tsaya jinyar Tom Sawyer. Na ce a waɗannan littattafai bare sai ya biya kuɗin shiga kafin a karɓe shi a matsayin mutum, kuma yaron da sai an cece shi yake ganin mutuncin wani ciniki ya koya, bai girma ba. Don Allah ku faɗa min, ina laifina?

Ɗan Gari: Allah ya huci zuciyarki ƙanwata. In ba ki maimaita musu abin da ke takardarsu ba, haka suke cewa.

Uwar Biyu: Sannu Auta. Amma ki cire min Darcy daga jerin nan tun muna shaida juna. Ina zuwa, hannuna da aiki.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. 'Yata, kafin a je ga maki ina da gyara. Kin ce "bare". Wane ne baren? Arthur Radley, wanda yara ke kira Boo, ɗan garin Maycomb ne, a gidan ubansa ya tashi, a nan ya tsufa, gidan kuma ƙofa uku ne daga gidan su Scout. Farar fata ne kamar su. Bare shi ne wanda ba dangin iya ba na baba, wanda in ana maganar gida ya yi sallama sai a sauya zance. Mutumin da ke kwana a layinku tun kafin a haife ki ba a kiransa bare. In a kan wannan kalma kika ɗora gininki, ni ma da jan biro zan karanta.

Ɗan Tawaye: Baba, da girmanku, ma'anar da kuka kawo ita ce ta kayar da ku. Kun ce ba dangin iya ba na baba. To Boo ɗan uwan su Finch ne, wato dangin Scout? Maƙwabci ai bare ne in dai ba jini. Kun cakuɗa bare da baƙo.

Tsohon Malami: Yaro, ban cakuɗa komai ba. Baƙo shi ne ya zo daga wani wuri, gobe ya ɗaura kayansa, shi ya sa aka ce baƙo raɓa ne. In baƙo ake nema a littafin akwai Dill, da ke zuwa hutu daga Meridian ta jihar Mississippi. Akwai kuma malamar ajin su Scout, Caroline, da ta zo daga arewacin Alabama, ta miƙa wa Walter Cunningham kuɗin cin abinci ba ta san cewa gidansu ba sa karɓar abin da ba za su iya biya ba. Baƙo ko da ido makaho ne. Scout ta tashi za ta fahimtar da ita, ta sha rula a hannu. Ka ga baƙo ke nan. Na koyar da littafin nan tun kana rarrafe.

Ɗan Tawaye: Shekaru ba hujja ba ne Baba. Har yanzu ba ku amsa ba: Boo jininsu ne ko ba jininsu ba?

Gwaggon Yara: Kai, ka iya bakinka. Sa'an mahaifinka kake yi wa tambayar 'yan sanda? Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ɗan Tawaye: Gwaggo ai ban zage su ba, tambaya na yi. In tambaya ta zama rashin kunya a rufe zauren mu koma gaisuwa.

Ɗan Gari: Ni a ganina kalmar da ta dace ita ce saniyar ware.

Tsohon Malami: Ita ma ba ta zauna ba. Saniyar ware ware ta aka yi. Shi kuwa shi ya ƙi fita.

Gwaggon Yara: A'a Malam, a nan kam ban bi ku ba. Ba shi ya fara ƙin fita ba. Yana saurayi ya faɗa cikin wasu samari suka yi ta'adi, alƙali zai tura su makarantar horo, ubansa ya ga abin kunya ne ya ce a ba shi ɗansa shi zai kula da shi. Daga ranar aka shekara 15 ba a ƙara ganinsa ba. Uba ne ya kulle shi, da uban ya mutu yayansa Nathan ya gaji makullin. Sauran kuma bakin gari ya ƙarasa: wai yana cin kyanwa ɗanya, wai yana leƙen tagogi da dare, wai ya caka wa ubansa almakashi a ƙafa. Rabin labaran nan daga bakin mace ɗaya suka fito, Stephanie Crawford. Mujiya suka mayar da shi, in kalma kuke nema.

Ɗan Gari: Mujiya! Gwaggo kin gama magana. Ai shi ya sa ma aka sa wa littafin sunan tsuntsu.

Tsohon Malami: Tsuntsun da ke sunan littafin ba mujiya ba ne.

Ɗan Gari: Na sani Baba, aku ne. Tunda kwaikwayo yake yi.

Tsohon Malami: Ba aku ba ne. Ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai launin toka da ake samu a Amurka, yana kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye. Abin da ake nufi a littafin shi ne ba ya ɓarna, waƙa kawai yake yi, don haka kashe shi zunubi ne.

Ɗan Gari: To kanari ke nan.

Tsohon Malami: Inna lillahi.

Uwar Biyu: Na dawo. Auta, ki ji ni da kyau, don Darcy kam kin zalunce shi. Elizabeth ba don maganar Lydia ta sauya ra'ayi ba. Tun kafin nan, washegarin ranar da ta ƙi tayinsa na farko, ya ba ta wasiƙa hannu da hannu. A ciki ya bayyana mata ko wane ne Wickham, mutumin da ta yarda da shi don yana da fara'a da daɗin baki, yadda ya nemi ya gudu da ƙanwar Darcy ɗin tana 'yar shekara 15 don gadonta na fam 30,000. Ta karanta, ta sake karantawa, ta ji kunyar kanta. A lokacin ko sisi bai kashe wa gidansu ba. Da ya zo ya biya basukan Wickham aka ɗaura aure da Lydia kuma, cewa ya yi a ɓoye, bakin Lydia ne ya suɓuce. Wane mai biyan kuɗin shiga ne ke ɓoye rasit? Jane Austen ma da farko First Impressions ta sa wa littafin, wato abin da ido ya fara gani, kafin ya fito a 1813 da sunan Pride and Prejudice. Sannan wai Darcy bare? Mutumin da uwayen 'yan mata ke lissafa kuɗinsa tun bai zauna ba?

Ɗan Tawaye: Anti, fam 10,000 a shekara. Ko ni na samu wasiƙa daga mai fam 10,000 a shekara zan sake karantawa. Kuma ita da bakinta ta gaya wa Jane cewa son ya samo asali ne daga ranar da ta ga gidansa na Pemberley.

Uwar Biyu: Wasa take yi wa yayarta! Ka karanta layin da ke bi mana, ai Jane roƙonta ta yi ta daina wasa. Ku maza in mace ta yi barkwanci sai ku rubuta shi a matsayin shaida. Kuma da kuɗi take so da ta amsa tun tayin farko, lokacin ma fam 10,000 ɗin yake da su.

Ɗan Tawaye: Yanzu kuma ya zama "ku maza"?

Uwar Biyu: Eh ɗin.

Shiru-Shiru: Salam. Ban cika magana ba amma bari in koma kan abin da Auta ta tambaya. Ƙanwata, rabin maganarki ba ta tsaya ba, rabi kuma ta fi ƙarfin abin da kika rubuta. Ki duba Jem. Tun kafin daren ceto ya gane Boo. Ranar da ya bar wandonsa a shingen gidan Radley, ya koma ya tarar an ɗinke an ninke masa. Sai kyaututtukan da Boo ke ajiye musu a kogon bishiya: cingam, tsofaffin kwabbai biyu, 'yar tsana biyu na sabulu da aka sassaƙa da kamanninsu, agogon da ba ya aiki. Da Nathan ya toshe kogon da siminti ya ce wai bishiyar ce ke mutuwa, Jem ya tsaya a baranda har dare, ya shigo da alamar hawaye a fuska. Bayan shari'ar Tom Robinson kuma shi ne ya ce wa Scout yana ganin Boo da gangan yake zaune a ɗaki, bayan ya ga abin da mutanen waje ke iya aikatawa. Ba wanda ya ceci kowa a lokacin. Pip kuwa juya maganar za ki yi. Da Magwitch ya dawo ya ce shi ne mai turo kuɗin, ƙyama Pip ya ji, har ya daina taɓa kuɗin, don duk tsawon shekarun ya ɗauka daga wata attajirar tsohuwa mai suna Havisham suke. Sai da aka kama mutumin, dukiyar ta salwanta, yana kwance yana jiran mutuwa, sannan Pip ya zauna yana riƙe da hannunsa. Huck ma ya yaga wasiƙar da zai tona asirin Jim tun kafin a harbi Tom Sawyer.

Inda kike da gaskiya shi ne Tom Robinson, baƙar fatar nan na To Kill a Mockingbird da aka zarga da yi wa Mayella 'yar Bob Ewell fyaɗe, kuma ina mamakin ba ki sa shi a jerinki ba. Shi ma ya yi alheri, ya sha yi wa Mayella aikace-aikace bai karɓi ko kwabo ba. Da aka tambaye shi dalili a kotu ya ce tausayinta ya ji, wannan kalma ita ta gama da shi, don baƙar fata a Alabama ta shekarun 1930 ba shi da izinin tausaya wa farar mace. Alherin Boo ya sa an raka shi gida, alherin Tom ya kai shi kabari. Haka halittar nan ta littafin Frankenstein, ya yi ta tara wa wani iyali itace da dare a ɓoye, tsohon gidan makaho ne ya saurare shi lafiya lau, masu ido na shigowa aka rufe shi da duka. Ya tsamo yarinya daga kogi, aka saka masa da harsashi. Da ni ce ke, tambayar da zan yi ita ce wa ake karɓar kuɗin shigarsa, wa kuma ake mayar wa a fuska. Ki kuma lura duk labarin daga bakin Scout muke ji. Boo magana ɗaya ya yi a littafin gaba ɗaya, ya roƙa a raka shi gida. Ba mu taɓa jin yadda shi yake kallon su ba sai abin da ita ta ƙiyasta tana tsaye a barandarsa.

Ɗan Gari: Frankenstein ai dodo ne, me ya kawo shi cikin mutane?

Tsohon Malami: Frankenstein sunan wanda ya haɗa halittar ne, Victor Frankenstein, ɗalibin kimiyya. Ita halittar ba a raɗa mata suna ba. Mary Shelley, 1818.

Ɗan Gari: Kowa dai Frankenstein yake ce masa.

Tsohon Malami: Kowa na iya yin kuskure tare.

Ɗan Tawaye: Kamar yadda kowa ke cewa maƙwabci ba bare ba ne ko Baba?

Gwaggon Yara: Admin, ka ja wa yaron nan kunne.

Barista (Admin): Jama'a a sassauta. Na karanta komai daga sama. Abin da ya ba ni mamaki, an yi wannan doguwar magana ba wanda ya ambaci ginshiƙin littafin. Yaran nan ba a kogon bishiya suka girma ba, a gaban ubansu suka girma. Atticus Finch ne ya koya wa Scout cewa ba za ka san mutum ba sai ka tsaya inda yake tsaye ka kalli duniya daga can. Shi ya zauna shi kaɗai a ƙofar gidan yari da dare lokacin da gungun mutane suka zo ɗaukar Tom. Shi ya nuna wa kotu cewa raunukan Mayella a gefen dama na fuskarta suke, wato bahago ne ya doke ta, ya sa Bob Ewell ya rubuta sunansa kowa ya ga da hagu yake rubutu, alhali hannun hagun Tom ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ya cinye shi. Mu da muke wannan aiki mun san abin da ake kira iya tambaya. Lauyoyi da yawa saboda shi suka shiga aikin.

Ɗan Tawaye: Ranka ya daɗe, a faɗi gaskiya duka. Ba shi ya nemi shari'ar ba, Alƙali Taylor ne ya ɗora masa. A ƙofar gidan yari kuma ba shi ya watsa taron ba, Scout ce ta gane baban Walter a cikinsu ta shiga gaishe shi tana masa zancen ɗansa har kunya ta kama shi. Sannan a ƙarshe da Boo ya kashe Ewell, shugaban 'yan sandan garin ya ce a ce faɗuwa ya yi kan wuƙarsa, lauyanku ya yi gardama kaɗan ya haƙura. Doka ta iya lanƙwasa don farar fata mai jin kunyar jama'a, amma ba ta lanƙwasa don uban 'ya'ya uku da kowa a kotun ya san bai yi ba.

Barista (Admin): Ɗora masa aka yi, amma an ɗora wa wasu sun yi barci a kotu. Abin da ya fusata garin shi ne ya yi niyyar kare shi da gaske. Masu taimaka wa alƙali duk farare ne, duk da haka sai da suka shafe sa'o'i kafin su fito, ɗaya daga dangin Cunningham ya daɗe yana turjewa. Kuma akwai ɗaukaka ƙara a gaba, yana da kyakkyawan fata a kanta. Tom ne bai jira ba.

Ɗan Tawaye: "Bai jira ba"? Allah Barista? Harsashi 17 aka zuba wa mai hannu ɗaya a jikin shingen gidan yari yana ƙoƙarin gudu, abin da za ku ce shi ne bai jira ba? Ya jira me? A 1931 a Scottsboro, a jihar Alabama ɗin nan, matasa baƙaƙen fata 9 aka kama da irin wannan zargi, cikin 'yan kwanaki aka yanke wa 8 hukuncin kisa, daga baya ɗaya daga matan ta fito ta ce ƙarya ce. Wasunsu sun shafe shekaru a kurkuku suna wannan jira da kuke faɗa.

Barista (Admin): Kuma Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke hukuncin a 1932 saboda ba a ba su lauyan kirki ba. Misalinka ni ya taimaka. Kada ka sa min magana a baki, ban ce Tom ne da laifi ba.

Ɗan Tawaye: Ai da hannunku kuka rubuta, yana nan sama. To mu je ga Go Set a Watchman da ya fito a 2015. Scout ta dawo daga New York tana da shekara 26 ta tarar da Atticus ɗin naku a taron masu adawa da haɗa farare da baƙaƙe.

Barista (Admin): Wannan daftari ne. Harper Lee ta rubuta shi tun kafin To Kill a Mockingbird na 1960, aka ajiye, aka zo aka buga shi tana tsohuwa, ta rasu a 2016. A cikinsa ma an ce wanda ake tuhuma an wanke shi ne, ka ga ba labari ɗaya ba ne. Ba a kafa hujja da takardar da mai ita ta jingine fiye da shekara 50.

Ɗan Tawaye: Hannu ɗaya ne ya rubuta su.

Sabuwar Shiga: Haba jama'a! Ina babi na tara. Yanzu kun gaya min Tom ya mutu, Ewell ya mutu, har da wanda ya kashe shi. Ba ku kyauta ba wallahi.

Uwar Biyu: Ayya yi haƙuri 'yar uwa. Amma littafin da ya ci kyautar Pulitzer tun 1961, ai ba ma ce mun yi gaggawa ba.

Ɗan Gari: Ni sau uku na karanta shi. Wurin da ya fi taɓa ni shi ne da aka zo aka gaya wa Atticus an harbe Tom a daren da aka gama shari'a, suna hanyar kai shi kurkuku.

Gwaggon Yara: A daren? Ɗana, wane bugu ka karanta? A littafi sai da aka kwana biyu, yana gidan yari, kuma labarin ya iso ne ana tsakiyar taron matan coci a gidan, Alexandra na karɓar baƙi, Atticus ya shigo ya ja Calpurnia mai aikin gidansu su je su gaya wa matar Tom.

Ɗan Gari: Wace ce kuma Alexandra?

Uwar Biyu: Hahaha! Asiri ya tonu. Ƙanwar Atticus ce ko yayarsa, ita ce gwaggon yaran da ta tare a gidan don ta mayar da Scout mace. Kusan rabin littafin tana ciki. A fim ɗin 1962 na Gregory Peck ne babu ita.

Ɗan Gari: Fim da littafi ai duk ɗaya ne.

Tsohon Malami: Sau uku, in ji shi.

Ɗan Gari: Baba ku da kuka kasa gaya mana sunan tsuntsu da Hausa.

Autar Mama: Ikon Allah. Na tafi na dawo na tarar da saƙo fiye da arba'in, an bar jaki ana dukan taiki. Ni na tambaya ko an zalunce ni, ku kuna faɗa kan aku da kanari. Anti Shiru-Shiru ce kaɗai ta kalli maganata, ita ma ba wanda ya tanka mata. Anti na gode, maganar Jem na karɓa. Ta Pip ban karɓa ba, don ko a gadon mutuwar ai yana sane da abin da mutumin ya yi masa. Da wani fursuna ne can da bai taɓa turo masa ko sisi ba, zai je ya riƙe masa hannu?

Uwar Biyu: Tsakani da Allah Auta, kin je kin sami malamin kin tambaye shi?

Autar Mama: Ban je ba. Na san irinsu.

Uwar Biyu: "Na san irinsu." To sannu Stephanie Crawford.

Autar Mama: Anti wannan ba adalci ba ne, ni aka cuta.

Gwaggon Yara: Nawa ya ba ki ne wai, yarinya?

Autar Mama: Gwaggo ba maki ne ya dame ni ba. Kuma shekarata 22, Elizabeth ɗin da ake ta yabo ma na girme ta.

Gwaggon Yara: Ko 40 kike yarinya ce a wurina. Tunda kin ƙi faɗa mun gane.

Tsohon Malami: Ni dai har yanzu ina kan bakana. A cire "bare" a sa wata kalma, sannan a yi maganar maki.

Ɗan Tawaye: Wace kalma Baba? Kun ƙi baƙo, kun ƙi saniyar ware, mujiya ma ba ku ce komai ba.

Tsohon Malami: Ba aikina ba ne in nemo mata. Ni gyara na yi.

Barista (Admin): To jama'a dare ya yi, zan taƙaita in rufe. Ƙanwarmu Auta ta kawo koke kan makin da aka ba ta, muna ba ta haƙuri, muna kuma shawartar ta da ta je ta sami malaminta cikin ladabi. Game da ra'ayinta cewa littattafan nan ciniki suke koyarwa, zaure bai gamsu ba, 'yar uwa Shiru-Shiru ta rushe shi da hujjoji daga kan Jem har Huck. Baba Malam ya yi mana gyara mai amfani kan kalmar bare, Allah ya ƙara girma. Anti Uwar Biyu ta wanke Darcy. An kuma fahimci cewa abin da ya raini yaran nan har suka daina mummunan zato shi ne tarbiyyar uba nagari mai tsayawa kan doka, kuma shari'ar Scottsboro da wani ya kawo ta ƙara tabbatar da cewa wanda ya bi matakan kotu yana samun haƙƙinsa. Littafin 2015 an yi ittifaƙi daftari ne. Ɗan Tawaye, wannan gargaɗi na farko ne kan yadda kake magana da manya. Kada a ƙara turo komai kan wannan batu.

Ɗan Tawaye: Ittifaƙi da wa? Ku kaɗai kuka faɗa.

Shiru-Shiru: Barista, rabi na ce. Sakin layi na biyu ba ku karanta ba.

Autar Mama: Kuma ban ce littattafan ciniki suke koyarwa ba, cewa na yi

Barista (Admin): An rufe.

Ɗan Gari: Kafin a kashe fitila, tsuntsun nan dai a bar shi a kanari ko?